Tura imel daga ofis zuwa waje: abin da ƙa'idar kamfani da dokar ƙasa suka ce

Ma'aikata da yawa a Zariya sun san wannan abin haushi. Ka rubuta wa abokin aikinka na ofishin kusa imel, kafin ka ƙifta ido ya isa. Ka rubuta wa wani na waje mai adireshin Gmail ko Yahoo, sai saƙon ya dawo maka, ko ya maƙale, ko kwamfuta ta fito da gargaɗi cewa wanda kake aika wa ba ɗan gida ba ne. Galibi akan ɗora laifin a kan yaran sashen kwamfuta, a ce mugunta ce ko son nuna isa. Alhali umarni suke bi, umarnin kuma yana da tushe: abin da ma'aikaci ya fitar da sunan kamfani, kamfanin ne doka za ta fara kamawa.

A kamfani mai tsari, kwamfutocin ofis duk suna haɗe da juna, kuma akwai saba guda, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da akwatin imel na kowa, ko dai tana ajiye a wani ɗaki a ofishin, ko an yi hayarta daga Microsoft ko Google. Saƙon da ke tsakanin ma'aikata biyu ba ya barin hannun wannan saba. Na waje kuwa sai ya bi ta ƙofa guda da aka ware. Kamar manyan gidajen cikin birni ne: sassa da yawa, ɗakuna barkatai, amma zaure ɗaya. Abin da aka miƙa daga ɗaki zuwa ɗaki harkar gida ce, wanda zai fita sai ta zaure, kuma in aka ga kayan gidan a titi, mai gida za a tambaya.

Tsarin da sabobi ke miƙa wa juna imel, SMTP, tun 1982 aka rubuta shi, lokacin da masu amfani da shi 'yan kaɗan ne kuma sun amince da juna. Bai tanadi binciken ko mai aikawa shi ne wanda ya ce ba. 'Yan damfara suka samu ɓaraka. Shi ya sa yau kamfanoni ke toshe mashiga ta 25, wadda SMTP ke bi, ga kowace kwamfuta in ban da sabar da aka amince mata, su kuma sa shaidu irin su SPF da DKIM da DMARC don na waje su gane saƙon daga gidan ya fito. Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsananta neman waɗannan shaidu, musamman ga masu aika saƙo da yawa. Kwamfuta ɗaya da ta kamu da cuta ta shiga watsa tarkacen saƙo ta isa ta sa ƙungiyoyi irin su Spamhaus su saka adireshin kamfanin a baƙin littafi. Daga nan ko takardar neman biyan kuɗi ka aika wa dilanka na Kano ko Legas, kwandon shara za ta faɗa, kai kana nan kana jiran amsa.

Wannan ɓangaren fasaha ke nan. Sauran duk maganar doka ce.

Ƙa'idar imel ta kamfani ba dokar ƙasa ba ce, wani ɓangare ce na yarjejeniyar aiki, sau da yawa tana cikin littafin ma'aikata da aka ba ka ranar kama aiki ka sa hannu ba ka karanta ba. Abin da takan ƙunsa kusan iri ɗaya ne a ko'ina: kada a tura takardun aiki zuwa adireshin kai, kada a saita akwati ya riƙa kwashe saƙonni zuwa waje da kansa, wasu ma'aikata ne kawai ke da izinin magana da waje, fayil mai nauyi ko mai sirri sai an kulle shi. Karya ta shi kaɗai ba ya kai mutum ofishin 'yan sanda. Yana jawo takardar tuhuma, dakatarwa, ko sallama. Idan rigima ta tashi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi, tana kuma da reshe a Kaduna. A can kamfani na iya gabatar da imel ɗin da bayanan da saba ta adana, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da shaidar da ta fito daga kwamfuta idan an cika sharuɗɗansa. Goge saƙo daga akwatinka ba ya goge shi daga saba.

Inda abin ke yin nauyi shi ne idan saƙon yana ɗauke da bayanan mutane. A nan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ke shigowa, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta kuma kafa hukumar NDPC don sa ido. Kafin ita akwai ƙa'idar da NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ta fitar a 2019. Bayanan mutum a wurin wannan doka su ne duk abin da za a iya gane shi da shi: suna, lambar waya, adireshi, lambar NIN ko BVN, hoto, albashi. Akwai kuma waɗanda ta ware a matsayin masu matuƙar muhimmanci, irin su lafiyar mutum, addininsa, ƙabilarsa, ra'ayinsa na siyasa da zanen yatsunsa.

A ɗauka wani asibitin kuɗi ne a Tudun Wada. Ƙarshen wata ya zo, an ɗauke wuta tun azahar, janareta ba mai, akanta kuma yana son kammala lissafin kuɗin da kamfanin inshora zai biya. Batirin kwamfuta na gab da mutuwa, sai ya yi maza ya tura fayil ɗin zuwa Gmail ɗinsa don ya ƙarasa a gida bayan isha'i. A cikin fayil ɗin akwai sunan kowane majinyaci, lambar wayarsa, da abin da ya kawo shi asibiti. Bai yi da mugun nufi ba, aiki ma yake son yi. Amma yanzu sirrin marasa lafiya yana cikin wayar da yaransa ke kallon bidiyo da ita, wayar da ake kaiwa wurin mai caji, wadda za a iya fizgewa a cunkoson kasuwar Sabon Gari. Asibitin ba shi da iko da wannan akwati, ba zai iya goge komai a ciki ba, ko da akantan ya bar aiki gobe.

In manaja ya kira shi, abin da zai ce sananne ne: "Ranka ya daɗe, ai ni kaɗai na gani." Doka ba ta tsaya kan wa ya gani ba. Ta ɗora wa duk wanda ke tattara bayanan mutane nauyin ɗaukar matakan kare su daga ɓacewa, fita ba da izini ba, ko faɗawa hannun da bai dace ba. Ta kuma ce kamfani na ɗaukar alhakin abin da ma'aikatansa suka yi ko suka ƙi yi, muddin ya shafi aikin kamfanin. Wannan jimla ɗaya ita ce ta bayyana kusan duk takurawar da ma'aikata ke kuka da ita. Mai asibitin ba zai iya cewa "akantana ne, ba ni ba" ya tsira.

Kuskuren da ya fi yawa ma bai kai wannan tsawo ba. Makarantar kuɗi a Samaru za ta sanar da iyaye ranar komawa, sakatare ya jera adireshin iyaye duka a layin Cc da ke nuna adireshin kowa maimakon Bcc da ke ɓoye su, kowa ya ga na kowa. Ko ka fara rubuta "Aminu", kwamfuta ta cika maka wani Aminun daban, takardar albashin ma'aikata ta tafi wurin mai kawo muku takin zamani. Mutane kan ruga su danna maɓallin janye saƙo. A Outlook, manhajar imel ta Microsoft, wannan maɓalli yana aiki ne kawai tsakanin 'yan gida ɗaya. Na Gmail kuwa jinkirta fitar saƙon yake yi, kuma bai wuce daƙiƙa 30 ba. Abin da ya shiga sabar wani ya zama nasa.

Idan haka ta faru kuma akwai yiwuwar cutuwar masu bayanan, sashe na 40 na Dokar Kare Bayanai ya ba kamfani sa'o'i 72 daga lokacin da ya sani ya sanar da NDPC. Idan haɗarin babba ne, sai ya gaya wa mutanen da abin ya shafa ba tare da ɓata lokaci ba. Don haka ma'aikacin da ya yi shiru yana addu'ar kada a gane, ɓarna yake ƙarawa. Abin da ya kamata shi ne ya je wurin shugabansa ko jami'in kare bayanai na kamfanin a ranar, ya faɗi abin da ya fita da wanda ya samu. A ganina, kamfanin da ke korar duk wanda ya kawo rahoton kuskurensa yana koya wa sauran ɓoyewa ne kawai.

Tarar ba ta wasa ba ce. Ga kamfanonin da dokar ta kira masu babban muhimmanci, tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na duk kuɗin da suka samu a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran, naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari, nan ma wanda ya fi yawa. Wanda aka cutar kuma yana iya kai ƙorafi hukumar ko ya nemi diyya a kotu. Dokar ta kuma sa sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane ƙasar waje: sai wurin da za su je yana da isasshiyar kariya, ko mai bayanan ya yarda, ko akwai wani dalili da dokar ta lissafa. A watan Yulin 2025 NDPC ta sanar da cin tarar MultiChoice Nigeria sama da naira miliyan 766, cikin dalilan da ta bayar har da fitar da bayanan 'yan Najeriya waje ba bisa ƙa'ida ba. Wannan ba shari'ar imel ba ce, amma imel ɗin da aka aika wa abokin ciniki a Sin ko Dubai ɗauke da jerin sunayen kwastomomi, ƙarƙashin sharuɗɗan nan yake.

Doka ta biyu ita ce ta laifukan intanet, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015 aka yi mata gyara a 2024. Ita ba ruwanta da kuskure, mai gangan take nema. Wanda ya karkatar da saƙon lantarki don ya ci kuɗi ta hanyar zamba ko ya ɓata manufar saƙon, sashe na 11 ya tanadar masa ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 1 ko duka biyun. Mai aika imel na bogi don yaudarar mutane su ba da kalmar sirri ko bayanan banki, sashe na 32 ne nasa. Sashe na 31 kuma ya wajabta wa ma'aikaci, na gwamnati ko na kamfani, ya miƙa kalmomin sirri da ikon shiga da ke hannunsa da zarar ya bar aiki. Mutane da yawa ba su san da wannan ba, musamman wanda shi ya buɗe wa ƙaramin kamfani akwatin imel da lambar wayarsa, aka ɓata, ya tafi da makullin.

To, manaja yana da ikon karanta imel ɗin ma'aikaci? Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa, har da wasiƙunsu da maganganunsu na waya, kuma ma'aikaci bai ajiye wannan haƙƙi a bakin get ba. Bayanansa shi ma suna ƙarƙashin dokar 2023. Amma akwatin da ke ɗauke da sunan kamfani kayan aiki ne, kuma kamfani na da halastaccen dalilin kare shi. Abin da ƙa'idojin dokar ke buƙata shi ne a gaya wa ma'aikata tun farko, a rubuce, cewa ana sa ido, a faɗi me ake dubawa da dalili, kada kuma a wuce abin da dalilin ke buƙata. Na'urar da ke tace saƙonni tana neman lambobin BVN da ke shirin fita abu ne da za a iya karewa. Manajan da ya buɗe akwatin sakatariyarsa don ya ga da wa take magana ba shi da abin da zai kare kansa da shi. Gmail na ƙashin kanka kuwa ba hurumin kamfani ba ne, ko da a kwamfutar ofis ka buɗe shi, sai dai suna da ikon toshe shafin gaba ɗaya, da yawa kuma suna yi.

Ƙananan kamfanoni da makarantu da asibitoci da yawa a garin nan ba su da saba ko ƙa'ida a rubuce, adireshin Gmail guda ake amfani da shi, kalmar sirrin tana manne a jikin kwamfuta, daga mai gida har ɗan hidimar ƙasa kowa ya san ta. Dokar 2023 ta ware wanda ke riƙe bayanai don harkar kansa da ta iyalinsa kawai, ba ta ware ƙaramin kamfani ba. Ranar da wani fayil ya fita daga irin wannan akwati, ba yadda za a yi a gane wa ya tura shi, sunan mai kamfanin kuma shi ne a takardar rajista.