Triops: kiwonsa a tankin gilashi tare da kifin ado

Triops wani ƙaramin ƙwaron ruwa ne, dangin jatan lande da ƙaguwa, wanda ke rayuwa a kududdufan da ke cika da damina su ƙafe da rani. Gabansa faffaɗan ɓawo ne kamar garkuwa, bayansa siririyar jela mai reshe biyu, don haka wanda ya hango shi a ruwa sai ya ɗauka talibambam ne. Sunan daga harshen Girka ya fito, ma'anarsa "mai ido uku": manyan idanu biyu, da wani ƙarami a tsakaninsu da ke bambance haske da duhu. Masana sun sa shi a rukunin Notostraca, wanda aka samu burbushinsa a duwatsun da suka haura shekara miliyan 300. Irin da aka fi sayar da ƙwansa shi ne Triops longicaudatus na nahiyar Amurka. Akwai Triops cancriformis a Turai, da Triops granarius a Afirka da Asiya.

Rayuwarsa

Komai nasa cikin gaggawa yake, domin kududdufi ba ya jiran kowa. Ƙwansa kan yi shekaru a busasshiyar laka bai mutu ba. Da ruwa ya sauka, cikin kwana ɗaya ko biyu ya ƙyanƙyashe, bai kai milimita guda ba. Yakan yi saɓa kusan kullum a kwanakin farko, cikin mako biyu ya fara nasa ƙwan, kuma irin Amurka kan rayu kwana 20 zuwa 90. A tanki yakan kai santimita 4 zuwa 6. Ba ya zaɓen abinci: gansakuka, tsutsar sauro, ragowar abincin kifi, dafaffen karas, har ɗan'uwansa idan yunwa ta matsa. Wuni yake yana tonon yashi da ƙafafunsa masu kama da ganye, waɗanda da su kuma yake numfashi.

Zama da kifi

Kududdufin da ke ƙafewa ba ya riƙe kifi, shi ya sa Triops bai tashi da wata dabarar tsere musu ba. Jaririnsa loma ɗaya ne ko ga ɗan kifin guppy. Babban ma ba ya tsira a sa'o'in da suka biyo bayan saɓa, lokacin da ɓawonsa ke da laushi: kifaye kan tsattsage masa jela da ƙafafu. Karfasa da danginta, tarwaɗa, betta da kifin zinare, duk ba abokan zamansa ba ne. Shi ma ba kanwar lasa ba ne, yana cin ƙwan kifi da jariran da suka kwanta a ƙasa, yana kuma tumɓuke tsiron da bai kafu ba.

Abin da ya fi yin kyau shi ne a ƙyanƙyashe shi a ƙaramar roba daban, sai ya kai santimita 2 ko 3 a mayar da shi babban tanki, a riƙa zuba masa ruwan tankin kaɗan-kaɗan kafin nan don ya saba. A haɗa shi da ƙananan kifaye marasa faɗa da ke yawo a tsakiyar ruwa, kamar neon tetra, sai a yi zaman 'yan marina. A shimfiɗa lallausan yashi maimakon tsakuwa, a ɗaura soso a bakin matatar ruwa kada ta zuƙe shi. Maganin kifi mai sinadarin tagulla kuwa ajalinsa ne.

A Legas

Irin Amurka na son ruwa mai ɗumin digiri 22 zuwa 30, kuma zafin ɗaki a Legas kusan nan yake tsayawa, sai dai ɗakin da na'urar sanyaya iska ke aiki dare da rana. Wuyar tana ga ruwa. Ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa sosai sai a ruwa mai ƙarancin ma'adinai, irin na sama. Mai kiwo a Agege ko Idi-Araba da ke sayen jarka wurin mai ruwa bai san rijiyar da aka ɗebo ba, rijiyoyin unguwannin bakin teku kuma wasu da gishiri-gishiri, ga kulorin a ruwan da aka sa wa magani. Gara a tari ruwan sama a tsabtatacciyar roba a fili, ba wanda ya gangaro daga kwano mai tsatsa ba.

In an ɗauke wuta famfon iska ya tsaya, za a ga Triops ya taso sama yana iyo a rigingine. Jininsa na da himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a jini, don haka yana da juriya, amma wannan iyo a rigingine alama ce ta ƙarancin iska, kuma kifayen tankin sun fi shi shiga hatsari.

Bayan ya mutu ana kwashe yashin da ya zuba ƙwansa a ciki a shanya shi aƙalla mako biyu, domin yawancin ƙwan sai sun bushe suke ƙyanƙyashewa. Laimar Legas tana jinkirta wannan a damina. Hunturun Disamba da Janairu ya fi dacewa. Ba a zubar da yashin a kwata ko fadama, domin a gonakin shinkafar Kalifoniya wannan irin maɓarnaci ne, yana cinye sabon tsiro yana dagula ruwa.