Shahadar fagen fama a ƙasar Kano da Haɗeja

Shahadar fagen fama ita ce mutuwar Musulmi a wurin yaƙin kare addini da jama'a. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar Kano da Jigawa, ba a yi wa irin wannan mamaci wanka ko salla, da tufafinsa ake binne shi. Malamai sun gindaya sharaɗin niyya: wanda ya fita don ganima ko don a yi masa kirari bai kai wannan daraja ba. Gudu daga fagen daga kuwa yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa.

Tarihi

An fi tunawa da shahidan zuwan Turawa. A ƙarshen Janairun 1903 rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya ta nufi Kano. Bebeji, gari mai ganuwa a kudu da Kano, ya ƙi buɗe ƙofa, aka harba igwa, sarkin garin ya rasu a nan. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, Sarkin Kano Alu kuwa ya riga ya tafi Sakkwato tun kafin nan. Sarkin Shanu Muhammadu, wanda aka bar wa tsaron gida, ya yi yaƙi a fada har aka kashe shi. Wazirin Kano Ahmadu ya kwanta dama a yaƙi da Turawa a Kwatarkwashi wajen ƙarshen watan.

Haɗeja ce ta fi daɗewa kafin Turawa su ci ta da yaƙi. An ce da Turawa suka aiko da sharuɗɗa bayan boren da aka yi musu a Satiru, kusa da Sakkwato, a farkon 1906, mari ɗan aiken ya sha. A watan Afrilun 1906, galibi ana cewa ranar 25, sojoji suka shiga garin. Barade suka yi ta sukuwa cikin wutar bindiga. Sarkin Haɗeja Muhammadu ya rasu tare da wasu 'ya'yansa da manyan fadawa, ɗansa Haruna ya gaje shi. Har gobe Mai Shahada ake ce masa.

Saɓani

Ra'ayi ya kasu uku a lokacin: a yi yaƙi, a yi hijira, ko a yi sulhu a fili don talakawa su tsira, kamar yadda Wazirin Sakkwato Buhari ya zaɓa. Masu sulhu sun kafa hujja da rashin ƙarfi da tsoron kada addini ya rasa masu riƙonsa.

A yau

Yawancin malaman yankin ba sa lissafa ƙunar baƙin wake cikin shahada.