Waiwaye: Yadda Aka Gano Hanyar Neman Cibiyar Nauyi

Kowane abu mai nauyi yana da wani gurbi guda wanda idan aka tallafe shi a nan zai tsaya daram, ba ya rinjaya ko'ina. Wannan gurbi shi ake kira cibiyar nauyi, kuma bincikensa ya samo asali ne daga ma'auni.

Arkimidis, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ne ya fara kafa wa batun hujja ta lissafi. Ya nuna cewa kaya biyu a kan sanda ɗaya suna daidaita idan mafi nauyin ya matso kusa da madogara, wato inda aka tallafe sandar, mai ƙarancin nauyin kuma ya yi nisa gwargwadon yadda nauyin ɗaya ya ninka na ɗayan. Daga wannan ƙa'ida ya tabbatar da cewa cibiyar alwatika tana inda layukan da suka taso daga kusurwoyi zuwa tsakiyar gefen da ke fuskantarsu suka haɗu, wato sulusin tsayinta daga gindi. A ganina aikin nan abin jinjinawa ne, domin ya yi shi kusan shekaru 1,900 kafin a samar da kalkulas, wato reshen lissafi mai nazarin yadda abubuwa ke sauyawa.

Malaman ƙasashen Musulmi sun ɗora daga nan. Abu Sahl al-Ƙuhi da Ibn al-Haisam sun yi rubutu a kan cibiyar nauyi, kuma Al-Khazini ya adana bayanansu a littafinsa Mizanul Hikma, wanda ya kammala a garin Marw, cikin ƙasar Turkmenistan ta yanzu, wajajen shekara ta 1121. Daga baya, a 1687, masanin kimiyya ɗan Ingila Niyuton ya bayyana cewa duk yadda abubuwa suke jan juna ko ture juna, hakan ba ya sauya tafiyar cibiyarsu ta tarayya.

Duk da haka, hanya mafi sauƙi tana nan da amfaninta. Ana rataye faifan kwali daga wani gefe, a saki zare mai ƙarfe a ƙarshensa, a zana layin da ya bi, sannan a sauya wurin ratayar a sake zanawa, inda layukan suka gicciye juna nan ce cibiyar. Wani lokaci ma tana faɗawa wajen jikin abun, kamar a tsakiyar zobe.

Sakaci da wannan lissafi ya taɓa jawo asarar rayuka. A 1628 jirgin ruwan yaƙin Suwidin mai suna Vasa ya kife a tashar Sitokhom a tafiyarsa ta farko, saboda nauyin da ke samansa ya fi ƙarfin na gindinsa.