Gundumar Coci a Ɗarikar Angalikan

Gundumar coci, wadda ake kira farish, ita ce mafi ƙanƙantar yanki a tsarin ɗarikar Angalikan. Gundumomi da dama ne ke haɗuwa su zama dayosis a ƙarƙashin bishop, kowace kuma tana da limaminta. A Ingila, inda tsarin ya samo asali, duk faɗin ƙasar a yanke yake gunduma-gunduma, fiye da 12,000, a cikin dayosis 42. Limamin yana ɗauke da nauyin duk wanda ke zaune a yankinsa, ko mai zuwa sujada ne ko wanda bai taɓa leƙa ƙofar coci ba. A ƙasashen da ɗarikar ta bazu daga baya, irin su Najeriya da Yuganda da Amurka, iyakar ƙasa ba ta da wannan ƙarfi. Gunduma a can ta fi nufin jama'ar da ke taruwa a coci ɗaya.

Asali

Gundumomin sun girmi ɗarikar kanta da ɗaruruwan shekaru. Da Sarki Henry na Takwas ya raba cocin Ingila da ikon Fafaroma a 1534, bai rushe su ba. A 1538 Thomas Cromwell, babban ministan sarkin, ya ba da umarni kowace gunduma ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza a rajista. Har gobe masu neman tushen kakanninsu suna komawa ga waɗannan tsofaffin kundaye.

Babban sauyin ya zo ne a 1549, da Akbishop Thomas Cranmer ya fitar da Littafin Addu'a na bai-ɗaya da Ingilishi a maimakon Latin. Bugun 1662 shi ne ya zauna, aka kuma fassara shi zuwa harsuna masu yawa.

Tarbiyya ta hanyar sujada

Angalikan ba su da wani katafaren kundin hukunce-hukunce na halin yau da kullum. Abin da baki ya saba faɗa kowace Lahadi shi ake fata ya zauna a zuciya. A tsarin 1662 ana karanta Dokoki Goma a farkon Jibin Ubangiji, wato sujadar karɓar gurasa da ruwan inabi, jama'a na amsawa da roƙon jinƙai bayan kowace doka. Akwai kuma furta zunubi baki ɗaya, attajiri da lebura a durƙushe, kalmominsu iri guda.

Katekizim, wato tambayoyi da amsoshin addini da yaro ke haddacewa kafin bishop ya ɗora masa hannu don tabbatar da shi a coci, ya raba wajibi gida biyu: haƙƙin Allah da haƙƙin maƙwabci. Na biyun ya fi tsawo, kuma babu wani zurfin falsafa a cikinsa. A girmama iyaye, kada a cuci kowa da baki ko da hannu, a yi gaskiya a ciniki, a tsare harshe daga ƙarya da ɓata suna, a ci guminsa. Akwai kuma sashen da ke umartar biyayya ga na gaba da ƙasƙantar da kai gare su, wanda masu suka suka daɗe suna cewa ya fi yi wa masu mulki daɗi.

Wata ƙa'ida a littafin ta nuna yadda aka ɗaure ibada da zaman tare: idan limami ya san gaba na tsakanin mutum biyu, ba zai bar su su karɓi Jibi ba sai sun sasanta. Aure ma ba a ɓoye yake ba. Ana shelarsa a coci Lahadi uku, domin mai wata hujja ya fito tun kafin a ɗaura.

Masu riƙe da gunduma

Limami ba ya aiki shi kaɗai. Akwai wakilai, galibi biyu, da ake zaɓa duk shekara su kula da gini da dukiya, sai majalisar gunduma mai duba kuɗi da shirye-shirye. Amma yawancin aikin da ba ya shiga rahoto, wato gaida marar lafiya, zaman makoki, koyar da yara, mata ne ke yin sa. Mary Sumner, matar wani limami, ta tara iyaye mata a ƙauyen Old Alresford a 1876. Wannan taro ne ya zama Mothers' Union, mai mambobi miliyoyi a yau, mafi yawansu a Afirka da Indiya.

Inda ake saɓani

Taron Lambeth, wanda bishop-bishop ke yi tun 1867, shawara yake bayarwa, ba ya tilasta wa kowa. A 1930 ya amince da tsarin iyali ga ma'aurata bisa wasu sharuɗɗa. A 1988 ya yarda a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma idan ya tuba, muddin ya yi alkawarin ba zai ƙara aure ba, kuma ba a tilasta masa korar matansa. Cocin Ingila ya naɗa mata limamai a 1994, bishop mace ta farko kuma a 2015, alhali cocin Angalikan na wasu ƙasashe ba su yarda da haka ba har yanzu. Batun auren jinsi ya fi duka zafi. Ƙudurin Lambeth na 1998 ya tsaya kan cewa aure tsakanin namiji da mace ne, amma cocin Amurka da na Kanada sun bi wata hanya, kuma tun 2008 bishop-bishop da yawa daga Afirka suka daina halartar taron.