4 ga Yuli a tarihin Amurka

4 ga Yuli ita ce rana ta 185 a shekarar miladiyya, ko ta 186 idan Fabrairu ya yi kwana 29. A Amurka ranar hutu ce ta ƙasa baki ɗaya, ranar bikin samun 'yancin kai daga Birtaniya. Abubuwan da tarihin ƙasar ya jera a ƙarƙashinta iri biyu ne: waɗanda suka faɗo a kanta bisa katari, da waɗanda aka jira ta da gangan kafin a yi su. Na biyun sun fi yawa, har akwai mutanen da aka jingina wa ranar haihuwarsu a kanta alhali ba a ranar aka haife su ba.

1776

Ba a ranar 4 ga wata aka yanke shawarar ɓallewa ba. Majalisar wakilan yankuna 13 da ke zama a birnin Filadalfiya ta kaɗa ƙuri'ar ne ranar 2 ga Yuli, yankuna 12 suka amince, wakilan New York suka ƙaurace saboda ba su da izini daga gida. Washegari ɗaya daga cikin wakilan, John Adams, ya rubuta wa matarsa Abigail cewa 2 ga Yuli ce jikoki za su riƙa yi wa biki. Ya yi kuskuren kwana biyu.

Abin da aka yi ranar 4 shi ne amincewa da takardar da ta bayyana wa duniya dalilan ɓallewar. Kwamitin mutum biyar aka ɗora wa aikin: Thomas Jefferson, Adams, Benjamin Franklin, Roger Sherman da Robert Livingston, amma Jefferson ne ya riƙe alƙalamin. Majalisa ta bi daftarin nasa tana yanka, ta zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Cikin abin da aka zubar har da sakin layin da ya ɗora wa Sarkin Birtaniya George na III alhakin fataucin bayi daga Afirka. Aka bar jimlar da ke cewa an halicci mutane daidai wa daida, duk da cewa shi marubucin ya mallaki bayi sama da 600 a tsawon rayuwarsa.

A daren wani mai maɗaba'a, John Dunlap, ya buga kwafi wajen 200, waɗanda aka riƙa karantawa a dandali da sansanonin soja. 26 daga cikinsu aka san suna nan har yanzu. Game da sa hannu akwai saɓani: Jefferson da Adams sun ce ranar 4 aka yi, amma akasarin masana tarihi sun tafi a kan 2 ga Agusta ce yawancin wakilai 56 da sunayensu ke kan takardar suka rattaba hannu. Birtaniya ba ta yarda da 'yancin ba sai a yarjejeniyar Faris ta 1783.

Mutuwar shugabanni uku

Ranar 4 ga Yuli, 1826, da takardar ta cika shekara 50 cif, Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya mutu a gidansa na Monticello a jihar Virginia yana da shekara 83. Bayan 'yan sa'o'i Adams, shugaba na biyu, ya bi shi a Quincy, jihar Massachusetts, yana da 90. Mutanen biyu sun yi abota, siyasa ta raba su a zaɓen 1800, sannan suka shirya a 1812 suka shafe sauran rayuwarsu suna aika wa juna wasiƙu. Ana cewa maganar Adams ta ƙarshe ita ce Jefferson yana nan da ransa, bai san ya riga shi ba. Ruwayoyin dai ba su daidaita a kan lafazin ba. Shugaba na biyar, James Monroe, shi ma a wannan rana ya mutu, a New York, a 1831.

Bauta da yaƙin basasa

Jihar New York ta zaɓi 4 ga Yuli, 1827 ta zama ranar ƙarshen bauta a cikinta. Baƙaƙen fata da yawa a birnin New York sun ɗage jerin gwanonsu zuwa washegari, gudun farmaki daga turawan da ke shagali a titi. A irin wannan washegarin, 5 ga Yuli, 1852, Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta, ya tsaya a Rochester ya tambayi masu sauraronsa mene ne amfanin wannan biki ga bawa.

A 1863 ranar ta zo a tsakiyar yaƙin basasa tsakanin jihohin Arewa da na Kudu. Garin Vicksburg da ke gaɓar kogin Mississippi ya miƙa wuya ga Janar Ulysses Grant na Arewa bayan ƙawanya ta kwana 47, aka kama sojan Kudu kimanin 29,000. A wannan yini kuma Janar Robert Lee na Kudu ya fara janye rundunarsa daga fagen daga na Gettysburg. An daɗe ana faɗin cewa mutanen Vicksburg sun yi kusan shekara 80 ba su sake bikin ranar ba, wasu masana na ganin an zuzuta labarin.

Booker T. Washington ya buɗe makarantar horar da malamai baƙaƙen fata a Tuskegee, jihar Alabama, ranar 4 ga Yuli, 1881. A 1910 kuma ɗan damben nan baƙar fata Jack Johnson ya doke James Jeffries, farar fata, a garin Reno, tarzomar launin fata ta ɓarke a garuruwa da dama, aka rasa rayuka.

Ayyukan da aka jira ranar

A kanta aka buɗe makarantar soja ta West Point a 1802, aka sanar da sayen yankin Louisiana daga Faransa kan dala miliyan 15 a 1803, aka fara haƙa mashigin ruwa na Erie a 1817, aka aza harsashin hasumiyar tunawa da George Washington a 1848. Wata doka ta 1818 ta ce duk jihar da ta shigo, sai 4 ga Yuli mai zuwa za a ƙara tauraronta a tuta; shi ya sa tutar yanzu mai taurari 50 ta fara aiki a 1960, bayan shigowar Hawaii. Amurka ta ba Filifins 'yanci ranar 4 ga Yuli, 1946, amma a 1962 ƙasar ta mayar da bikinta 12 ga Yuni. Kumbon Pathfinder ya sauka a duniyar Mars a 1997.

Haihuwa

Shugaban ƙasa ɗaya kaɗai aka haifa a ranar, Calvin Coolidge, a ƙauyen Plymouth Notch na jihar Vermont, a 1872. Akwai marubuci Nathaniel Hawthorne (1804), da mai tsara waƙoƙi Stephen Foster, wanda ya zo duniya a yinin da Jefferson da Adams suka bar ta. Henrietta Leavitt (1868) ta yi aiki a ɗakin nazarin taurari na jami'ar Harvard tana duba hotunan sama; ta gano dangantakar hasken wasu taurari da tsawon lokacin da suke ɗauka suna haske suna dusashewa, abin da ya ba masana ma'aunin nisa a sararin samaniya. Mawaƙi Bill Withers an haife shi a 1938.

Mai busa kakaki Louis Armstrong ya yi ta faɗin cewa 4 ga Yuli, 1900 aka haife shi, haka kuma aka yi ta bugawa har ya mutu a 1971. Sai a shekarun 1980 aka gano rajistar coci a New Orleans da ta nuna 4 ga Agusta, 1901. George Cohan, mai wasan dandamali, shi ma iyalinsa sun nace a kan 4 ga Yuli, 1878, takardar cocinsa kuwa 3 ga wata ta nuna.

Bikin

An fara shi a Filadalfiya a 1777 da harba igwa da wasan wuta. Majalisa ta mai da ranar hutun ma'aikatan tarayya a 1870, ba tare da albashi ba, sai a 1938 aka fara biyansu. A yau fareti ake yi da gashin nama, da dare kuma wasan wuta.