Fistol mai ɗura kanta

Fistol mai ɗura kanta ƙaramar bindiga ce ta hannu wadda ke fitar da harsashi ɗaya duk lokacin da aka ja kunama. Ƙarfin harbin ne ke tura murfinta na sama baya, ya watso kwanson da aka harba, sannan ya ɗauko sabon harsashi daga magazin, wato ma'ajiyar harsasai, ya kai shi gindin bututu. Nan ta bambanta da libarba, mai ajiye harsasai a cikin ganga mai juyawa.

An fara ƙera irinta a ƙarshen ƙarni na 19. Borchardt C-93 ta fito a Jamus a 1893, Mauser C96 ta biyo baya a 1896. Amma ƙirar John Browning, wadda sojin Amurka suka karɓa a 1911 da sunan M1911, ita ce ta zama tushen yawancin fistol na yau.

Babban abin da ke raba su shi ne yadda kowace ke hana harbi ba da niyya ba. M1911 kunamarta ba ta da nauyi, kuma akan riƙe ta a ɗane, saboda haka aka yi mata makulli biyu: ɗaya ana ture shi da babban yatsa, ɗayan yana bayan mariƙi, ba ya sakin kunama sai tafin hannu ya matse shi. Tsari ne mai kyau ga wanda ya ƙware. Wanda bai saba ba yakan manta da makullin a daidai lokacin da yake buƙatar bindigar, ko ya manta bai mayar da shi ba bayan ya gama.

Walther PP ta 1929 ta bi wata hanya. Jan kunama na farko yana da tsawo da nauyi, domin shi ke ɗana gudumar da bugunta ke tayar da harsashi, na bayansa kuma sai su yi sauƙi. Tana da ɗan maɓalli mai sauke guduma ba tare da bindigar ta tashi ba. Beretta 92, wadda sojin Amurka suka koma gare ta a 1985, haka take. Wahalarta koyon jan kunama iri biyu a bindiga ɗaya.

Glock 17, wadda Gaston Glock ya ƙera a Ostiriya a farkon shekarun 1980, ba ta da makullin waje ko ɗaya. Kariyarta uku duk a haɗe suke da kunama: ɗan harshe a jikin kunamar, abin da ke tare allurar bugun harsashi, da wanda ke hana bindigar tashi in ta faɗi ƙasa. Wannan ya sauƙaƙa horar da 'yan sanda, amma ya ɗora nauyin duka a kan yatsan mai riƙe da ita da kuma kube mai tauri wanda ya rufe kunama gaba ɗaya. Kuma sai an ja kunamarta kafin a kwance ta don gogewa, wurin da sakaci ke jawo asarar rai.

Haɗari mafi muni a kowace irinsu shi ne harsashin da ke saura a gindin bututu. Cire magazin ba ya fitar da shi. Sai an fara cire magazin, sannan a ja murfin baya, a duba da ido. In aka juya wannan jeri, sabon harsashi ne zai shige. Browning Hi-Power ta 1935 an yi mata tsarin da ke hana harbi in babu magazin a ciki, amma fistol da yawa ba su da shi.

Ƙa'idoji huɗu da Jeff Cooper, wani mai koyar da harbi, ya yaɗa a Amurka sun shafi kowace ƙira: a ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗurarriya, kada a nuna bakinta ga abin da ba a nufin harbi, yatsa ya nisanci kunama sai an saita, kuma a tabbatar da abin da ake hari da abin da ke bayansa. A gida akan kulle ta a akwatin ƙarfe, babu harsashi a cikinta, inda yara ba za su kai ba.

A Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta sanya fistol da libarba cikin rukunin bindigogin da aka haramta mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa.