Gogen kaka da ya tsira daga yaƙin Hitila: a gyara shi ko a bar shi?

Na gaji da maimaita amsoshin nan, shi ya sa na tara su wuri guda. Ana magana ne kan bayolin, gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, irin wanda iyalan Yahudawan Turai suka gada daga kakannin da suka ga Yaƙin Duniya na Biyu.

Ya tsage a gaba. In sa masa gam?

A'a. Ajiye gam ɗin nan. Da gam na fatar dabba ake haɗa bayolin, wanda ɗumi da laima ke sassautawa, don mai gyara ya iya buɗe shi ko bayan shekara 100. Gam na kanti in ya shiga tsagar, ya shiga ke nan.

In ɗaura sababbin tsirkiyoyi in ji muryarsa?

Kada ka kuskura. Tsirkiyoyin huɗu suna jan katakon da ƙarfin da ya haura kilo 20. A ciki akwai ɗan siririn ice a tsaye tsakanin gaba da baya, ba gam ke riƙe da shi ba. In ya faɗi, ka kuma ɗaure tsirkiya, fuskar gogen na iya fashewa. Ɗan karkata shi a hankali: in ka ji abu na gangarawa a ciki, sai wurin gwani.

Akwai takarda a ciki mai sunan Stradivarius. Mun yi arziki?

Da wuya. Antonio Stradivari, shahararren maƙerin bayolin da ke sa wannan sunan a gogunansa masu tsada, ya rasu a Cremona ta Italiya a 1737. A ƙarni na 19 da farkon na 20, masana'antun Markneukirchen a Jamus da Mirecourt a Faransa sun ƙera dubbai suna manna wannan sunan. Kada ranka ya ɓaci, darajar naku tana ga hannun da ya riƙe shi.

To a gyara shi har a kaɗa, ko a bar shi yadda yake?

Nan ne ba a gaggawa. Amnon Weinstein, mai gyaran bayolin a Tel Aviv da ya rasu a 2024, ya fi kowa suna a wannan aiki. Iyayensa sun baro Vilna (Vilnius, babban birnin Lithuania a yau) a 1938, danginsu kusan 400 da suka rage a can aka kashe su. Ya sha ba da labarin wani mutum da ya kawo masa gogen da ya kaɗa a sansanin Auschwitz, inda 'yan Nazi na Hitila suka tsare Yahudawa suna kashe su. Da ya buɗe, sai ya tarar da toka a ciki. Daga 1996 ya shiga tara irin waɗannan goguna, shi da ɗansa Avshalom suna gyarawa ana kaɗa su a manyan ɗakunan kiɗa. Ra'ayinsa shi ne a mayar musu da murya. Amma ko shi akwai wanda ya ƙi taɓawa: wani goge da mai gyara ya zana wa tambarin 'yan Nazi a ciki, da gaisuwar Hitila da shekarar 1936. Ya bar shi a buɗe, shaida ce.

Saboda haka ya danganta. In tsaga ce ɗaya ko biyu, da bakin da ya ɗage, kuma a gidan akwai yaron da zai kaɗa, ni dai na fi son a gyara. In kuwa gyaran zai ci rabin katakon asali, ko ƙwari sun rarake cikinsa, ko lahanin kansa shi ne labarin, kamar fentin da ya ci ruwa da ƙanƙara a gefe ɗaya, to wataƙila a tsayar da lalacewar kawai. Akwai kuma tsaka-tsaki: a ɗinke tsagar daga ciki da ƙananan facin katako, a bar waje da tabonsa. Ko wanne kuka zaɓa, a ɗauki hoto ciki da waje kafin a fara, a rubuta abin da aka yarda a yi, a kuma mayar muku da duk abin da aka cire, har ƙurar ciki a ambulan. Ku yi shawara da sauran magada tukuna, domin abin da aka kankare ba ya dawowa.

Fentin ya dushe. A kankare a sake?

Wannan tambayar ce ke ɓata mini rai. Wurin da ya koɗe kusa da wuya, tafin hannun kakanka ne ya koɗar da shi, shekara da shekaru. Shi za ka sa a goge don ƙyalli? Mai gyaran da ya ba ka wannan shawara, ɗauki kayanka ka fita.

Akwai tauraro mai tsini shida, alamar Yahudawa, a bayansa. Ke nan ya shiga sansani?

Ba hujja ba ce. An ƙera irinsu don makaɗan bukukuwan Yahudawa tun kafin yaƙi. Nemi sunan kakan a taskar Arolsen a Jamus ko ta Yad Vashem a Kudus, masu adana bayanan waɗanda 'yan Nazi suka zalunta, ka tambayi tsofaffin gida tun suna raye. Abin da ba ka tabbatar ba, kada ka ƙara masa gishiri. In kuma a lokacin yaƙin gogen ya shigo gidanku daga wani hannu, bincika: 'yan Nazi sun wawashe kayan kiɗa masu yawa daga gidajen Yahudawa, ana iya samun magada.

Tsohon akwatin ya ruɓe. In yar?

Haba! Duba aljihunansa, nan ake samun rasit da wasiƙa da adireshi. Sayi sabo ka sa gogen, ka adana tsohon dabam. Laimar ɗaki ta tsaya tsakanin kashi 40 da 60 cikin 100, nesa da rana da na'urar ɗumama ɗaki, kuma ban da ɗakin ƙarƙashin ƙasa.